Yadda Ake Ɗaukar Yaran Rabin Aji da Raba Su a Makarantar Gwamnati

Duk wanda ya taɓa riƙe makarantar firamare ta gwamnati a Daura ya san yadda ƙofar rabin aji take kasancewa a makon farko na sabuwar shekarar karatu. Tun kafin a buga ƙararrawa yara sun cika baranda, wasu yayyensu ne suka riƙo musu hannu, wasu kakanni ne suka rako su, wasu kuwa ayarin 'yan unguwarsu kawai suka biyo ba tare da kowa a gida ya san inda suka nufa ba. A cikinsu akwai ɗan shekara biyar da ya isa zama a aji, akwai kuma wanda bai daɗe da barin nono ba. Malama ɗaya ce, ɗaki ɗaya ne, kuma abin da aka rubuta ko aka kasa rubutawa a wannan makon shi ne zai bi ajin har ƙarshen shekara. Bayanin da ke tafe na hedimasta ne da malamar da aka damƙa wa ajin, da kuma 'yan kwamitin makaranta da suke son su san yara nawa ne a hannunsu da gaske, su wane ne, kuma mutum nawa ake buƙata ya kula da su.

Ya kamata a fara da sanin abin da hukuma ta tanada, domin shi ne madogara idan an zo gardama da iyaye ko an je neman ƙarin malami. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara da tarbiyyarsu cikin ilimi na tushe, ta kuma haramta karɓar kuɗi a makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati. Kundin manufofin ilimi na ƙasa da aka sabunta a 2013 ya ƙara da shekara ɗaya ta share fage ga ɗan shekara biyar kafin ya shiga aji ɗaya yana ɗan shida. Kundin ya kuma ƙayyade yawan yaran da malami ɗaya zai riƙe: 10 a ɗakin rainon jarirai, 25 a ajin share fage, 35 a firamare. Kowa ya san cewa da wuya a sami makarantar da ta tsaya a kan waɗannan alƙaluma, amma duk da haka su ne ma'auni, kuma hedimastan da bai san su ba ba shi da abin da zai ɗora a kan teburin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma in ban da koke.

Aikin ɗaukar yara ba a ranar buɗe makaranta yake farawa ba, tun ran gini tun ran zane. Mako biyu ko uku kafin a dawo daga dogon hutu, hedimasta ya zauna da kwamitin makaranta, sannan ya tafi da shugaban kwamitin su gai da mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, su roƙi a yi sanarwa bayan sallah cewa za a rubuta yaran rabin aji a ranaku kaza, kuma kowane yaro sai babba ya kawo shi. Idan makarantar tana ɗiban yara daga unguwanni da yawa, a ce daga Kusugu da Tudun Wada da Sabon Gari, gara a ba kowace unguwa ranarta, saboda cunkoson rana ɗaya shi ne yake sa a rubuta suna a tsaye a tsallake sauran bayanai da niyyar za a cike daga baya, alhali ba a taɓa cikewa. Mata 'yan kwamiti da ungozomar unguwa su ne suka fi kowa sanin gidan da ke da yaron da ya isa shiga, su ne kuma za su iya shiga har tsakar gida su isar da saƙon, don haka hedimastan da ya tsaya ga sanarwar masallaci kaɗai rabin unguwa ya sanar.

Sharaɗin cewa babba ne zai kawo yaro yana da muhimmanci fiye da yadda ake ɗaukarsa. Yarinya 'yar aji huɗu da ta riƙo ƙaninta ba ta san shekarar haihuwarsa ba, ba ta san ko yana da sikila ba, wani lokaci ma sunan yankansa ba ta sani ba. Idan uwa ba ta fita, uba kuma ya tafi gona ko kasuwa, kaka ko gwaggo ko kawu sun wadatar, muddin dai mutum ne da zai iya amsa tambaya. Yaron da ya zo shi kaɗai ba a korarsa. A rubuta shi da fensir a wata takarda ta daban, a aika gida, ranar da babba ya zo sai a mayar da shi cikin rajista da biro.

Rajistar shiga littafi ne dabam da na kiran suna, kuma kafin ranar farko ya kamata malama ta ja layukanta da rula ta tanadi gurbin kowane bayani. Suna shi ne na farko, kuma a nan aka fi samun ruɗani. Aji guda yana iya ƙunsar Muhammad shida da A'isha biyar, sannan yawancinsu ba su san waɗannan sunaye ba, saboda wanda ya ci sunan kakansa Abba ko Baffa ake kiransa, wadda ta ci sunan kakarta kuma Ummi ko Mama ake ce mata, ga kuma ɗan fari da uwarsa ba ta kama sunansa don alkunya. Na taɓa ganin malama ta kira suna sau uku babu wanda ya amsa, ta sa alamar rashin zuwa, alhali mai sunan yana zaune a gabanta yana wasa da murfin kwalba, domin shi a saninsa Walidi ne. Saboda haka a rubuta sunan yanka, da sunan uba, da sunan kaka ko laƙabin gidan, sannan a buɗe gurbi na musamman ga sunan da ake kiran yaron da shi a gida. Da wannan na ƙarshen za a riƙa kiran suna a watannin farko, a haɗa shi da na yanka har kunnen yaron ya saba. A kuma lura da rubutun sunan, domin yadda aka rubuta shi a rabin aji haka zai bi yaron zuwa takardar kammala firamare, kuma bambancin harafi ɗaya tsakaninta da takardar haihuwa yana iya kai mutum ga rantsuwa a kotu bayan shekara goma sha biyar.

Gurbin shekarun haihuwa shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma shi ne bai kamata a yi gaggawa a kansa ba, tunda a kansa rabon aji ya dogara. Shaida mafi ƙarfi ita ce takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. In babu ita, katin rigakafi yana biye, saboda ma'aikatan asibiti suna rubuta ranar haihuwa a kansa tun zuwan farko, kuma uwaye da yawa da ba su da takardar haihuwa suna da wannan katin a ƙasan akwati ko cikin kwalla. In shi ma babu, sai a koma ga lissafin da mutanenmu suka fi riƙewa, wato abin da ya faru a lokacin haihuwar. Uwa ko kaka ba za ta ce watan Mayu ba, amma za ta ce, "Malama, ana saura kwana uku ƙaramar Sallah aka haife shi, shekarar da aka yi kulle." Wannan magana ta isa, domin kullen korona a 2020 aka yi shi, azumin wannan shekarar kuma daga ƙarshen Afrilu ya kama zuwa ƙarshen Mayu. Haka nan wadda ta ce an yi sunan ɗiyarta lokacin wahalar canjin kuɗi tana nufin farkon 2023, wanda kuma aka haifa da cire tallafin mai, daga ƙarshen Mayun 2023 ne. A Daura Sallar Gani ma alama ce da ba a mantawa. Dabarar ita ce malama ta tanadi takarda guda tun kafin ranar, ta jera shekaru shida da suka wuce, a gaban kowace ta rubuta watan Bature da azumi ya faɗo, da na babbar Sallah, da na Gani, da wani babban abin da ya faru a gari. Dole a yi wa kowace shekara nata lissafin, saboda shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kimanin kwana 11, don haka azumin 2021 daga tsakiyar Afrilu ya fara, ba daga ƙarshensa ba. A gefen kowace ranar haihuwa a sa ƙaramar alama da ke nuna inda aka samo ta, ko takarda, ko kati, ko ƙiyasi, domin wanda zai gaji rajistar ya san wadda zai amince da ita da wadda zai sake bincika.

Akwai tsohuwar dabarar da aka yi mana muna yara, ta a ce yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya taɓo kunnen ɗaya ɓangaren, in ya taɓo ya isa makaranta. Ba na ganin ya kamata a yanke hukunci da ita. Yaron da ya sha fama da tamowa ko yawan jinya yana ƙarami jikinsa ba ya nuna shekarunsa, sai a mayar da ɗan shida gida a ce bai isa ba, alhali shi ne ya fi kowa buƙatar a karɓe shi. Haƙora sun fi hannu faɗin gaskiya: haƙoran nono 20 suna kammala fitowa wajen shekara biyu da rabi zuwa uku, famfara kuma tana farawa wajen shekara shida, don haka yaron da ya zo da giɓi a gaba galibi wurinsa aji ɗaya ne, ba rabin aji ba, ko da kuwa bai taɓa riƙe fensir ba. Rashin takardar haihuwa ba dalilin hana yaro shiga ba ne, haka ma rashin kayan makaranta. A karɓe shi, a nuna wa iyayen inda ma'aikacin Hukumar Ƙidaya yake zama a asibiti ko sakatariyar ƙaramar hukuma, a ba su wa'adin zango ɗaya.

Sauran guraben ba su da wahalar cikewa, sai dai a yi tambayar da ladabi kuma ba a gaban jama'a ba. A rubuta namiji ne ko mace, da unguwa da kwatancen gida, da lambar waya biyu in da hali, da sunan wanda zai riƙa zuwa ɗaukar yaron, da makarantar allo ko Islamiyyar da yake zuwa. A tambayi ko iyayen duka suna raye, kuma a hannun wa yaron yake, saboda maraya da ɗan riƙo su ne suka fi saurin ɓacewa daga aji ba tare da kowa ya zo ya yi bayani ba. A tambayi lafiya dalla-dalla: sikila, farfaɗiya, asma, raunin ji ko na gani, jinkirin magana. Iyaye sukan ɓoye irin wannan don tsoron kada a ƙi karɓar ɗansu, saboda haka tun kafin a yi tambayar a gaya musu cewa ba don a kore shi ake yi ba, dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ma ta hana hakan. Ana tambaya ne don a san wanda za a zaunar a gaba, da wanda ba za a bari ya yi rawar sanyi a ƙasan siminti da hunturu ba, da wanda za a kira gidansu da gaggawa in ya ce ƙafarsa tana ciwo.

Harshen gida gurbi ne da makarantu da yawa ba sa buɗewa, suna ganin ai Daura kowa Bahaushe ne. Ba haka abin yake ba a ƙofar aji. Akwai 'ya'yan Fulani daga rugagen da ke kewaye waɗanda Fulatanci kaɗai suke ji a shekarunsu na farko, akwai iyalan da suka ƙetaro daga Nijar ta Kongolam, wasunsu Buzaye, akwai kuma 'ya'yan ma'aikata da jami'an tsaro da aiki ya kawo daga wasu sassan ƙasar, musamman tun da aka buɗe kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri a garin. Kundin 2013, a lokacin da aka fitar da shi, ya ce da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin suke yi za a koyar a wannan mataki, wanda a nan Hausa ce, amma yaron da bai iya ta ba yakan yi shiru mako da makonni har a ɗauka kurma ne ko daƙiƙi. In rajista ta nuna akwai masu Fulatanci huɗu, a zaunar da su tabarma ɗaya da wanda yake jin harsunan biyu, a kuma nemi wata uwa ko ɗalibar babban aji da za ta riƙa leƙowa a makonnin farko. Haka kuma a san yaran da rashin tsaro ya taso iyayensu daga yankuna irin su Batsari ko Jibiya ko Safana, domin sukan zo a tsakiyar zango ba takarda ba kati, sukan kuma tashi ba sallama idan an sami wani wurin zama.

Bayan an gama rubutu sai a zo ga lissafi, kuma a nan ne hedimasta zai nuna ko ya iya aikinsa. Mu ɗauka, a matsayin misali, an rubuta yara 90: 'yan ƙasa da shekara uku su 14, 'yan uku 22, 'yan huɗu 24, 'yan biyar 30, ga malama ɗaya da mai raino ɗaya da ɗaki ɗaya mai faɗin mita 7 da tsawon mita 8. Filin ɗakin murabba'in mita 56 ne. In yara 25 ne a ciki, kowane yana da fiye da murabba'in mita biyu, wurin da zai miƙe ƙafa ya yi wasa ya kwanta. In aka zuba 90, abin da kowane zai samu bai kai kashi biyu cikin uku na murabba'in mita ɗaya ba, tun ma kafin a cire wurin allo da randa da teburin malama. Wanda ba shi da abin awo ya shimfiɗa tabarmin da yake da su, ya bar hanya a tsakiya da malama za ta bi ta isa ga kowane yaro ba tare da ta tsallake wani ba, ya zaunar da yara yadda gwiwar wani ba za ta hau ta wani ba, sannan ya ƙirga. Abin da ya samu shi ne ainihin abin da ɗakin yake ɗauka. Ɗakin da ya wuce ƙima ba karatu kaɗai yake hanawa ba: ƙyanda da tari da ciwon ido a irinsa suke yaɗuwa, balle a watannin zafi da ake fargabar sanƙarau a wannan yanki.

A irin wannan hali 'yan shekara biyar su ne gaba, domin shekararsu ce hukuma ta tanada, kuma su ne ba su da wata dama bayan wannan kafin aji ɗaya. Su 30 ɗin nan su ne ajin malama, ko da sun ɗara ƙa'ida da biyar. 'Yan uku da 'yan huɗu, su 46, ba za su zauna tare da su a yi abin kirki ba, saboda ɗan biyar yana iya zama ya saurari labari ya kwaikwayi harafi, ɗan uku kuwa bayan 'yan mintoci ya miƙe, kuma malamar da ta haɗa su ƙarshenta ba ta koyar da kowa, tsawa da rarrashi kawai take yi har a tashi. In akwai rumfa ko inuwar bishiya mai kyau a harabar makaranta, sai a ware su can da mai raino da wata mai taimako da kwamiti zai nemo, a raba su gida biyu. In babu, sai a nemi izinin sakataren ilimi a yi zuwa biyu, manya da safe ƙanana da hantsi. Kafin a tsayar da lokaci a duba gurbin da aka rubuta makarantar allo ko Islamiyyar da kowane yaro yake zuwa, domin duk jadawalin da ya ci karo da karatun allo na safe ko Islamiyyar yamma iyaye ba za su yi gardama da shi ba, za su daina turo yaran ne kawai.

'Yan ƙasa da shekara uku su ne matsala mai sarƙaƙiya, kuma ban yarda da hedimastan da yake sallamarsu da tsawa a ranar farko ba, kamar yadda ban yarda da wanda yake karɓe su duka don kada a ce ya yi rowa ba. Ta fuskar ƙa'ida, su 14 suna buƙatar manya biyu su kaɗai, ga fo da ruwan wanki da wurin barci, abin da makarantar ba ta da shi. Sai dai kafin a mayar da kowane gida a duba wanda ya kawo shi. Sau da yawa za a tarar yayarsa ce 'yar aji uku ko huɗu, wadda aka ce mata in za ta makaranta ta tafi da shi, saboda uwar tana sana'a ko tana da jariri a hannu. Ranar da aka mayar da ƙanin, yayar ma ta bar zuwa, sai a wayi gari an rage yaro ɗaya a rabin aji an yi asarar yarinya a aji huɗu. Irin wannan sai an je gidan. Matan kwamiti su zauna da uwar, a ji ko akwai kaka ko maƙwabciya da za ta riƙe shi zuwa azahar, in kuma babu, kwamiti ya duba ko uwayen da abin ya shafa za su yi karɓa-karɓa, kowace rana ɗaya daga cikinsu ko wata dattijuwa da suka amince da ita ta zauna da ƙananan a inuwa. Waɗannan yara a rubuta su a shafi na daban, kada a cusa su cikin adadin ajin share fage.

Da zarar an fara karatu, lamba uku ce malama za ta riƙa fitarwa a ƙarshen kowane wata, maza daban mata daban: waɗanda ke cikin rajista, waɗanda suka zo ko da sau ɗaya a watan, da matsakaicin masu zuwa kullum, wato a tara adadin kowace rana a raba da yawan ranakun da aka yi karatu. Tazarar da ke tsakanin lamba ta farko da ta uku ita ce labarin ajin. In aka bi ta wata bayan wata za a ga tana da lokutanta: zazzaɓin cizon sauro a ƙarshen damina, tafiya gona da kaka, makara da sanyin hunturu, ranar kasuwa, makon biki a unguwa. Rabe maza da mata kuwa yana tona abin da jimla take rufewa. A unguwa maza da mata kusan kai ɗaya ake haihuwarsu, don haka ajin da mata suka kasance kashi ɗaya cikin uku yana nufin akwai 'yan mata a gida da ba a kawo ba, ko an fara ɗora musu tallar safe, ko an bar su rainon ƙanne. A duba gurbin unguwa a ga daga ina giɓin yake, sannan a koma wurin mai unguwar da sunayen gidaje a hannu, a ce, "Ranka ya daɗe, daga layin nan yara maza takwas muka samu, mace ɗaya," domin magana mai lamba ta fi "a taimaka a turo yara" shiga kunne. Yaron da ya yi mako biyu ba a gan shi ba a aika gidansu, kuma ba a soke sunan kowa sai an tabbatar ya tashi daga unguwar ko ya koma wata makaranta, a rubuta dalilin a gefe da kwanan wata.

Akwai jarabar da take kama hedimastoci, ta ƙara yawan yara a takarda da tunanin cewa mai yawa shi ake ba malamai da kayan aiki. An taɓa mayar da ni wata makaranta inda na tarar da sunaye sama da ɗari a rajistar rabin aji, na shiga ajin na ƙirga kawuna ban kai hamsin ba, da na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya sai na sami wasu masu su suna aji uku, shekara da shekaru ana kwafe su daga tsohon littafi zuwa sabo. Ba a ƙara wa makarantar malami ko ɗaya ba saboda wannan ƙari, abin da ya jawo kawai shi ne duk jami'in da ya zo duba makaranta ya daina yarda da kowace lamba tamu, har da ta gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ƙaryar da za a iya ƙirgawa da yatsa. Alƙaluman da aka cike a fom ɗin ƙidayar makarantu ta shekara-shekara su ne suke tafiya daga ƙaramar hukuma zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a Katsina, inda ake duba buƙatun ƙananan hukumomi 34, don haka abin da aka rubuta a fom ɗin ya zama daidai da rajista, rajista kuma ta zama daidai da kawunan da ke kan tabarma.

Takardar neman ƙarin malami ko ɗaki gajera ce in lissafin yana hannu. A faɗi yawan yara bisa shekaru da jinsi, da matsakaicin masu zuwa na wata uku, da girman ɗaki, da yawan manyan da ke kula da su, a kawo ƙa'idar malami ɗaya ga yara 25, sannan a faɗi abin da ake nema a fili, misali malama ɗaya mai shaidar koyarwa ta NCE, in da hali wadda ta karanci ilimin ƙananan yara, da mai raino ɗaya. Shugaban kwamiti ya sa hannu tare da hedimasta, a ajiye kwafi, a kuma sake aikawa a zango na gaba da sababbin lambobi in ba a ji amsa ba. Rajistar kanta a kulle take kwana a ofis, saboda tana ɗauke da cutar yaro da maraicinsa da lambar wayar uwarsa, kuma ba a ɗaukar hoton shafinta a tura a zauren WhatsApp na malamai ko na iyaye. In an nemi bayani, jimla ake bayarwa ba sunaye ba.

A makon ƙarshe na zango na uku malamar rabin aji ta fitar da sunayen 'yan biyar ɗin da suka cika shida ko suke dab da cikawa, ta zauna da malamin aji ɗaya ta miƙa masa su hannu da hannu, tare da abin da ta sani game da kowane: wanda ba ya ji sosai da kunnen hagu, wadda Hausarta ba ta gama nuna ba, wanda kakarsa ce take riƙonsa kuma ba ta da waya. Idan an dawo hutu, a mako na biyu su sake zama su bi takardar suna bayan suna, duk wanda ba a gani a aji ɗaya ba a ba matan kwamiti sunansa da kwatancen gidansu kafin watan ya ƙare.